Silifar Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san ƙafarsa ta hagu ba ta cika ganin takalmi ba. A wurin shaƙatawar nan na arewacin Jidda, inda aka gina kogin siminti ana tura ruwa da injin don masu wasan kwalekwale, shi ne mai buɗe famfo. Kowace safiya sai ya cire silifar hagu ya jefa a ruwa, ya bi ta da gudu yana ɗingishi. In ta iso ƙasa a zaune, ruwa ya yi. In ta kife, a rage!

Mutumin da aka haifa a unguwar Sharafiyya ta Jidda, bai taɓa ganin kogin gaske ba, ko iyo bai iya ba, wai shi ke da kogi!

Ran da silifar ta ɓace na ce, "Kawu, mu saya maka sabuwa mana."

"Sabuwa? Me ta sani game da ruwa?" Haka ya riƙa hawa bas zuwa gida, unguwar Bani Malik, da takalmi ɗaya, har aka tsamo masa tsohuwar daga bakin injin.

Ƙarfin ruwan ma suna ya raɗa masa: na tsofaffi, na angwaye, na marasa kunya. Wani matashi ya wuce shi ba sallama, Kawu ya murɗa famfo yana murmushi. Da saurayin ya fito jiƙe sharkaf, har da "Assalamu alaikum, ya ammi!", wato baffa.

"Ka gani? Ruwa ya koya masa gaisuwa."

Amma akwai na huɗu, mafi ƙarfi, wanda ya ƙi buɗewa. Mudir, shugaban wurin, ya gaji: "Ya Ilu, baƙi suna son na huɗun nan. Ka buɗe gobe, ko halas, ka ajiye aiki!"

Kawu ya ce zai buɗe, amma shi zai fara shiga. Kai, jama'a! Rigar ceto biyu ya saka, ya buɗe famfon da hannunsa, ya faɗa kwalekwale yana salati. Daga kwanar farko muka ji ihunsa: "Ku rage! Wane mahaukaci ne ya buɗe wannan?" Muka yi dariya har da hawaye.

Ya fito yana rawar ɗari ya ce, "A rage kaɗan, sannan a bar ’ya’yan mutane su shiga." Mudir ya yarda, aiki ya tsira.

A hanyar gida na tambaye shi dalili. Ya ce shekarar ambaliya ya ga ruwa ya tafi da motoci a titi, da mutane a ciki. "Ɗana, ba na sakar wa ɗan wani ruwan da ban ɗanɗana ba."

Silifar tana wurina har yau, kuma wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara, mai sanyi, a hankali, irin na tsofaffi.