Ruwan Suna da Katifar Nasara

Jikana ne ya shigo mini da su ranar kasuwa, guda biyu a nannaɗe. Yana aiki da masu yi wa dabbobi allura, in sun nausa arewa sai su yi ta kwana a daji, shi ne ya ce bayansa ya gaji da ƙasa, katifar iska zai saya. Mai shago ya ba shi biyu ya zo gida ya gwada. Ɗaya da baki ake hura ta, ɗayar kuma tana da wani ɗan abu da ake takawa da ƙafa. Wai ni zan zaɓa masa don in sa albarka. Yana warware ta farko warin roba ya bugi hancina. Na ce ya ɗauki ta ƙafa, kuma ya kwashe mini su daga ɗaki tun ban yi amai a kan kayan mutane ba. Ya fita yana dariya, wai tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ni warin nan ba shaƙarsa kawai na yi ba, shansa na yi.

A wani ƙauye kusa da Birnin Lalle aka haife ni, zamanin Nasara na mulki. Ku da kuka tashi kuka tarar da famfo, sai kun yi haƙuri da ni in na ce ruwa shi ne dukiyarmu. Rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da in ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu. Sa ke jan igiyar, ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki, wato gugan fata, ya fito. Da bazara kuwa ruwan janyewa yake yi, a ja kaɗan, a zauna a jira ya taru. Kowane gida da ranarsa. In ka zubar da naka, to sai dai ka haɗiye miyau har ranarku ta zagayo.

A irin wannan bazara Inna ta haifi ƙanena, namiji na farko bayan mu mata. Kaka, uwar Baba, ita ce mai gidan a gaskiya, ko da yake Baba ne ke zama a zaure. Tun ranar haihuwa ta ɗaura ɗamarar tara ruwan suna. Ta roƙi maƙwabta su ba mu wani abu daga rabonsu, ta hana mu wanka, ta hana wanki, ko kurkure baki sai tana tsaye a kanka. Ni da yayata mu ke ɗauko tulu daga rijiya, wuyana har ya sage. Randuna suka cika ɗaya bayan ɗaya, ta rufe su da faifai ta ɗora duwatsu.

Ba don komai take wannan ba sai don baƙi. Dangin Inna za su taso daga Ajekoriya, wasu daga Sabon Maci, cikin ranar da ke fasa kai. A wurinmu in baƙo ya sauka, kafin gaisuwa ta yi nisa ruwa ake miƙa masa. Gidan da ya kasa wannan, ya shiga bakin duniya ke nan. Kuma cikin masu zuwa har da Tsoho, mahaifin Inna, makiyayi mai ido, wanda tun farko bai so a ba Baba 'yarsa ba, don a cewarsa gidan manoma ƙishirwa ke kashe mace. Kaka ta riƙe maganar nan a ranta shekara da shekaru. Ranar sunan nan take jira ta wanke ta.

Ana jibi suna Nasara ya sauka garinmu rangadi, ƙidayar mutane da dabbobi. Yana tafe da mai fassara da gumiye, wato sojan raƙumi da ke tsaronsa. Aka kafa masa rumfa a gindin aduwa, aka sa mata suka share wurin ƙal saboda karangiya. Sai aka sauke wani abu ja-ja daga bayan raƙumi aka shimfiɗa. Katifarsa ce. Mu yara muka yi cincirindo muna kallo, don ba mu taɓa jin an ce mutum na kwana kan iska ba.

Hura ta kuwa aikin mazan gari ne. Akwai ɗan bututu a gefenta, gumiye ya fara sa baki don ya nuna yadda ake yi. Mutumin nan taba ce cike da kumatunsa, ga goro a kai, haƙoransa kamar an jiƙa su a rini. Ya hura, ya cire baki, miyau na bin bututun, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka aka yi ta yi, baki bayan baki, mai tari da mai gyambon leɓe, har aka zo kan Baba. Baba mutum ne da ko moɗa ba ya haɗawa da kowa. Na ga ya ɗaga gefen rigarsa zai goge bututun, gumiye ya daka masa tsawa. Ya sa baki haka nan. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Da gari ya waye katifa ta sace, Nasara ya tashi a ƙasa yana ta faɗa da yarensu, fuskarsa ja wur. Mai fassara ya ce ƙaya ta huda ta, kuma ba a gane hujin sai an nutsa ta cikin ruwa an ga inda kumfa ke fita. Ruwa mai yawa, yanzu-yanzu. Rijiya a lokacin sai laka. Mai gari, wanda ɗan'uwan Baba ne, kuma ya san abin da ake ciki sarai, ya sunkuyar da kai ya nuna gidanmu da haɓa. Allah ya jiƙansa, amma har yau ban ga abin da ya sa ake ce masa namiji ba.

Kaka ta tsaya a bakin rumfar randuna ta buɗe hannuwa.

“Ɗan nan, ruwan suna na. Gobe baƙi ka zuwa. Ba ka da uwa?”

Gumiye ko kallonta bai yi ba. Ya kauce mata kamar yadda ake kauce wa turmi, ya sa samari suka kinkimi randuna. Tulu ɗaya kawai ya tsira, wanda ke ƙarƙashin gadon Inna, don ko shi bai iya kutsa kai ɗakin mai jego ba.

A komin shanu suka juye ruwan. Ina tsaye ina kallon wahalar wuyana tana kwarara. Aka sake hura katifar, aka danna ta ciki, gumiye ya tuɓe takalma ya hau da ƙafafunsa yana tattakawa. Ba zan ɓoye muku komai ba. Katifar nan ta sha zufar Nasara wata da watanni, bayanta ya yi baƙi ya yi maiƙo, ga gashin raƙumi manne da ita. Nan da nan ruwa ya yi wani yauƙi a sama. Suka ga kumfar, suka sa alama. Sai gumiye ya zare matoshin bututun don iskar ta fita, ya matse katifar tun daga ƙarshe. Wani ruwa ja-ja mai kauri ya tsiyayo cikin komin. Miyau ne na mazan garuruwa da ya taru a ciki, ya kwana, ya ruɓe. Yayata ta juya ta yi amai a gindin danga. Su kuwa suka shanya abarsu, suka liƙe hujin, kafin azahar sun kama hanya. Ko sannu.

Kaka ta daɗe tsaye a kan komin. Sannan ta aike ni wurin liman in tambayo hukuncin ruwan. Liman ya zo da kansa, ya duba, ya kau da kai. Ya ce ruwan da kamanninsa da warinsa suka sauya ba ya alwala, sai dai a yi taimama. Sha kuwa, ya ce, in babu wani, ba a hana ba. Na riƙe wannan a raina: ruwan da bai isa ya taɓa ƙafar mai salla ba, shi za mu zuba a cikinmu.

Kaka ta kwance ɗankwalinta ta tace shi, ta sake tacewa. Ta tafasa, ta jefa toka ya kwanta, ta zuba saiwar jema don ƙamshi. Tulun nan mai tsabta ta ce na mai jego ne da jariri, wanda ya taɓa shi sai ta karya masa hannu. Da za a dama fura ta zuba citta da kanumfari da barkono har sai da muka yi ta atishawa. Duk da haka in ka kai ƙwarya baki, can ƙarƙashin yajin, robar na nan tana jiranka. Ta kama kunnena ta murɗe.

“In kin buɗe baki gobe, ni da ke ne.”

Baƙi suka iso da hantsi, leɓunansu sun bushe sun yi fari. Ni aka ɗora wa ƙwarya in kai zaure. Na durƙusa gaban Tsoho, ina jin kamar in kifar da ita in ruga. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Sai ya tsaya. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya ɗan lumshe ido. Na ce shi ke nan, asirinmu ya tonu, yau zai kwashe 'yarsa ya tafi. Sai ya sake kafa kai, ya sha, ya sha, har sai da ya ga gindin ƙwaryar. Ya yi hamdala ya miƙa a ƙaro wa na kusa da shi. Haka suka yi ta sha, dattawa masu furfura, suna sa wa gidanmu albarka. Ni kuwa da na san abin da ke ciki, duk kurɓar da suka yi sai in ji ta a nawa maƙogwaron.

Da la'asar, an raɗa suna an ci nama, Tsoho ya shigo cikin gida sallama. Kaka na zaune ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, irin zaman surukai. Bai dube ta ba. Ni ya jawo, da wasan da ya saba yi mini na kaka da jika.

“Matata, Nasara ya kwan garinku ko?”

Na shafa kunnen da Kaka ta murɗe jiya.

“Ba sai kin hwaɗi ba. Garinmu ya kwana watan jiya. Mutanen Sabon Maci ma sun sha tasu. Duk wanda kinka gani zaure ya san ɗanɗanon ga.” Ya ɗan ɗaga murya yadda za ta ji. “Ki ce ma kakarki ta hi mu iya tacewa. Mu haka munka sha shi, da gashin raƙumi da komi.”

Ya juya ya fita. Sannan Kaka ta yaye mayafin, na ga hawaye, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta juya ta tofar da miyau wajen da Nasara ya bi, ta sake tofarwa. A daren jiya ba ta runtsa ba don tsoron kunyar gidanta, ashe ƙasar ce gaba ɗaya aka shayar, kowa ya haɗiye ya rufe wa ɗan'uwansa asiri. Ni a lokacin ban san wanne ya fi ba ni haushi ba. Yanzu na sani. Da a ce mu kaɗai ne, da da sauƙi.

Yau ga famfo a ƙauyen namu, yara na wasa da ruwa har su jiƙa riga ba mai murɗe musu kunne, kuma ina gode wa Allah da na ga wannan. Amma a bidon roba, wato jarka, suke ɗiba, su bar shi a rana ya yi ɗumi, su sha su ce ba su ji komai ba. Ni randar ƙasa nake ajiyewa, suna ce mini mai tsirfa. Ƙanen nawa ya tsufa shi ma, har gobe yana bugun ƙirji wai an ba shi labari ranar sunansa an sha fura har an bar saura, a shekarar da rijiya ta ƙafe. Gaskiya aka gaya masa. Waɗanda suka sha furar duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya taɓa faɗa masa da wane ruwa aka dama ta, ni ma ba daga bakina zai ji ba.