Gwaggo Mai Kwalba

Gwaggona, yayar babanmu, a gonar madara ta tsufa. Aikinta maruƙa. Da an raba jariri da uwarsa sai a kai mata shi dogon ɗakin nan mai rufin kwano, ita kuma ta zama uwarsa da kwalba da robar tsotso. Shi ya sa har mai gonar ma yake ce mata Mai Kwalba.

Ba ta gaida mutum sai ta gama duba 'ya'yanta. Ta ɗaga wutsiya ta leƙa, ta sa yatsa a baki ta ji ko da ɗumi, sannan ta tsunkuli fatar wuya ta saki. In fatar ta koma nan take, sai ta wuce na gaba. In ta yi nawa, to ranar kowa ya shiga uku. Zawo ne abin tsoronta, don maraƙin da ke tsalle da safe yana iya kwantawa kafin rana ta faɗi.

Ni dai ban taɓa son wurin ba. Ƙarnin madara, ga ƙuda, ga ita da faɗa in ka wanke kwalba sama-sama. Amma na je, saboda ƙafarta ta kumbura kuma ta ƙi hutawa.

A zuwan nan ne aka kawo wani jan maraƙi da uwarsa ta mutu bai sha dakashi ba, wato nonon farko mai kauri. Bai daɗe ba zawo ya kama shi, fari, mai wari. Idanunsa suka faɗa ciki. Likitan dabbobi ya zo ya yi allura, ya ce a dage da ruwan gishiri da sukari. Gwaggo ta zauna dirshan a kan busasshiyar ciyawa, kansa a cinyarta, tana ɗiga masa ta gefen baki. Abincinta ya huce a bakin ƙofa, kaji suka hau kai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Gwaggo! Dabba ce fa, kuma ba ma taki ba. Ki kashe kanki a kan ɗan saniyar wani?"

Ba ta kalle ni ba. Ta tsunkuli wuyansa ta saki, fatar ta tsaya cak kamar an ninke tsumma.

Ta ce, "Haka tasa ta tsaya."

"Ta wa?"

"Yayanki."

Na san ta taɓa haihuwar ɗa namiji ya rasu kafin a haife ni, amma a gidanmu ba a zancensa. Ta ce zawo ne ya kama shi yana fara tafiya. Maƙwabta suka ce ta hana shi sha, wai ruwan ne ke fita, in ba a zuba ba ciki zai tsaya. Ita kuwa yarinya ce, ta ji magana. Yana nuna kofi da yatsa, ita tana ɗauke kofin tana ɗorawa a saman kabad inda ba zai gani ba.

"Har yanzu in na miƙa hannu saman kabad, sai in ji kamar yana bayana," in ji ta.

Na zauna na riƙe mata kwalbar.

Washegari da hantsi maraƙin ya kama robar da kansa. Ya tsotsa, ya tsotsa, har yana tunkuɗar kwalbar da ka, wutsiya na kaɗawa. Na yi tsalle ina murna, ina cewa Gwaggo kin yi nasara. Sai na ga fuskarta.

Ta tsunkuli wuyansa, fatar ta koma. Ta sake, ta koma. Hawaye na zuba a kan jan gashinsa.

Ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Ruwa ne kawai fa. Kuma ranar akwai shi a ɗakin."