Yayana Ya Amsa Laifi Don Ya Shiga Aji

Yayana ɗan acaɓa ne, yana ɗauko citta daga Kwoi zuwa Kafanchan. Wata rana a shingen hanya aka kwance buhun fasinjansa, sai ga wiwi a ƙarƙashin cittar. Mai buhun ya faɗa daji. Yayana aka kama.

Ni nake kai masa abinci gidan yari, don Mama in ta je kuka kawai take yi. Shari'a kuwa kullum ɗagawa ake yi, har aka haƙe citta aka sake shukawa.

A can ciki akwai aji, fursunoni na karatun jami'a daga nesa. Yayana ya ci jarrabawar sakandare da kyau, rashin hali ne ya ɗora shi kan babur. Ya nemi shiga, aka ce sai wanda aka yanke wa hukunci, don mai jiran shari'a ba a san ranar tafiyarsa ba.

Na tare gandiroban da ke ƙofa. "Oga, wato wanda ya yi fashi ya cancanci digiri, wanda ba a tabbatar da laifinsa ba ya zauna yana kallo?"

"'Yar'uwa, ba ni na tsara ba. Ɗanɗana miyar nan tukuna."

Na ɗanɗana, kamar yadda ake sa duk mai kawo abinci.

Ranar yayana bai taɓa tuwon ba. Ya ce, "Auta, zan amsa laifin. In an ɗaure ni, na yi karatu."

"Ba naka ba ne fa!"

"Na sani. Amma zaman da nake yi yanzu, na mene ne?"

Mama ta ce sam, ta kai maganar zumuntar mata ta majami'armu aka yi addu'a. Lauya ya ce tabon ƙwaya ba ya goguwa, zai bi shi duk inda ya nemi aiki. Ni dai na gaji da ɗage-ɗagen kotu, na ce ya yi abin da ya ga dama.

Ya amsa. Alƙali ya lissafa zaman da ya riga ya yi, sai ya zama 'yan watanni suka rage masa. Masu ajin suka ce ba za su yi rajistar wanda zai fita kafin jarrabawa ba.

Yanzu yana gida. Makarantar firamare ta majami'armu ta nemi malami, ya je, suka ce za su kira shi. Kowa a garin ya san abin da ya amsa a kotu. Da safe tare muke tafiya gona, shi a gaba, ni ina biye da ruwa.