Katakan Vinko da Suka Fi Ƙarfinsa

Duk ƙauyukan saman kwarin Sava babu wanda bai san Vinko direban bas ba. Tun yana saurayi yake jan doguwar bas ɗin kwari, safe ya kai ma'aikata gari, yamma ya dawo da su, har ya yi ritaya bai taɓa goga ta a jikin gada ba. Amma ba tuƙin ya sa shi a bakin mutane ba, katakan da yake ɗaurawa a ƙafa yana sulu kan ƙanƙara ne.

Lokacin da ya tashi, awo ɗaya aka sani. Mutum ya tsaya ƙafa a haɗe, ya miƙe hannu sama iya ƙarfinsa, inda wuyan hannun ya tsaya nan tsawon katakonsa yake. Haka mahaifinsa ya auna shi a gindin rumbun ciyawa ranar da ya isa shiga tseren manya, shi ke nan kuma Vinko ya riƙe wannan tsawo kamar sunan yanka. In katakai suka gaji ya nemo wasu daidai su, bai sake ɗaga hannu don awo ba.

Duniya kuwa ta yi gaba ta bar shi. Katakan tsere suka rage tsawo, suka yi siririn ƙugu da faɗin baki, da ka karkata su gefe sai su sha kwana da kansu. Vinko ya sa musu suna cokula. To amma mutumin akwai son sanin ƙwaƙwaf. Sau da yawa in matasa suka gama atisaye, sai ka gan shi durƙushe a gindin gangara yana sa yatsa cikin sawun da suka bari, layi biyu sirara kamar hanyar jirgin ƙasa. Nasa sawun kuwa sai ka ce an ja tsintsiya. Ya yi ta jinjina kai, in wani ya taho ya yi kamar takalmi yake gyarawa.

Kowane ƙarshen hunturu ƙauyen yakan yi tseren dattawa, mai faɗin kwana, ana gangarowa tsakanin tutoci ja da shuɗi. Bara waccan Vinko ya faɗi a kwanar da ke ƙasan dutsen nan mai santsi. Bara ma nan ya faɗi, aka sauko da shi a kan amalanken ceto yana faɗa da masu ja. Matarsa Rezka ba ta ɗaga murya ba, ta dai kai shi bakin taga ta nuna masa shingen lambunta.

"Ka ga giɓin can, tsoho? Wajen katako biyu ne cif. Ka sake faɗuwa bana, nan za su tsaya."

Ba wasa take ba. A kwarin, in mutum ya bar tsere, katakansa shinge suke komawa ko bencin ƙofar gida. Kana tafiya a titi kana gane na abokanka: ga na wane da gwiwa ta ci amanarsa, ga na wane da ya rasu. Vinko ya fi tsoron shingen nan a kan asibiti.

Shi ya sa wata safiya ya shiga shagon Polona, 'yar marigayi abokinsa, wadda ta gaji sana'ar gyaran katakai. Ya ce kallo kawai ya zo yi.

"Kallo kyauta ne, Kawu," in ji Polona. "Hau sikeli."

"Ni buhun dankali ne?"

"Buhun dankali ba ya gardama. Hau."

Ya hau. Ta tambaye shi wace gwiwa ce ke ƙara, wane lokaci ake sakin dattawa, ƙanƙarar tana da tauri ko rana ta fara narka ta. Ta tsayar da katako ɗaya ta danna tsakiyarsa da tafin hannu, ta ce ya gwada. Ya danna, ya ji ya lanƙwashe ya dawo da shi. Ya sake dannawa, ya sake. Sai tambayoyi suka ɓarke masa. Me ya sa wannan ya fi wancan tauri? In ƙugun ya fi haka sirancewa fa?

"Zai sha kwana kafin ka shirya, ya jefar da kai. Tutocinku da tazara, ba ƙaramin cokali za ka ɗauka ba. Mai tauri kuma sai mai ƙarfin lanƙwasa shi. Naka na gida, rabonka da ka lanƙwasa su tun ina makaranta. Su suke tuƙa ka."

Wannan ta yi masa zafi. Direban da ya juya doguwar bas a kwanonin hanyar dutse, a ce katako na tuƙa shi!

"Ke yarinya, bar surutun nan. Auna ni yadda ake auna maza."

Ya haɗe ƙafa, ya ɗaga hannun dama. Hannun ya tashi, ya wuce kunne, ya ɗan haura kai, sai ya tsaya cak. Ya cije ya tura, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Ya gwada na hagu, shi ma nan ya tsaya. Sitiyarin bas ya ci kafaɗun nan a hankali, shi kuwa bai taɓa tambayarsu ba.

Polona ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko waɗanda ta riga ta ware masa a zuci, ta jingina ɗaya a jikinsa. Bakin katakon ya tsaya daidai wuyan hannunsa.

"To, awon mahaifina ne ya faɗa, ba ke ba," in ji Vinko.

Ranar tsere, bayan an fito daga coci, ya tsaya a ƙofar farawa abokan hamayya na yi masa tsiya, wai ya ari cokulan Rezka. Da ya iso kwanar santsi sai jikinsa ya shirya kokawar da ya saba, amma ya daure ya karkata gwiwa kawai. Katakan suka kama ƙanƙara suka zagaya da shi sumul, har ya saki ihu kamar yaro. Na kusa da ƙarshe ya zo, amma a tsaye ya zo. Kafin ya gaisa da kowa ya juya yana hangen sawunsa a gangara.

Rezka ta miƙa masa shayi mai zuma. Yana huci ya ce, "Kin san hannuna ba ya ɗaguwa?"

"Yau ka sani? Wa kake zato ya sauko da kofinka da kwalbar zuma zuwa kantar ƙasa? Hularka ma ƙusarta sau biyu ina matso da ita."

Vinko ya kurɓi shayinsa. Da yamma shi da kansa ya ɗauko dogayen katakansa ya kai su giɓin shinge. Ya kafa ƙusoshin ƙasa, na sama kuwa sai ya miƙa mata guduma.