Inna da Nonon 'Yan Biyuna

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar surukata, wadda duk unguwarmu a Sandamu ke kira Inna, amma har yau ba na tuna ta ban yi murmushi ba.

Haihuwata ta fari 'yan biyu ce, Hassana da Usaina. Usaina ta zo 'yar mitsitsiya, kukanta ma da ƙyar ake ji. Tsofaffin gida suka ce a matse dakashi a zubar, wai nonon farko ba shi da kyau, a fara ba su ruwa. Inna ta ƙi. 'Ya'yanta biyu ta binne suna jarirai, kuma ta daɗe tana zargin ruwan randar da aka ɗura musu.

"Abin da Allah Ya aiko musu, wa ya isa ya zubar?" in ji ta. "Ke 'yar nan, sa su a nono."

Wata shida ba abin da ya shiga cikinsu sai nono. Ni aka yi wa ɗura: kunun kanwa, fura, tuwo da miyar zogale. Daga nan ta fara dama musu kunun gero da gyaɗa, ta murƙushe ƙwai a ciki. Da aka ce mata ƙwai na sa yaro sata, sai ta kwashe da dariya: "Yunwa dai ke sa sata!" Ranar da Usaina ta saki zanenta ta taka, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo tambayar auren wa ake.

Da za ta leƙo yau, ta ji ma'aikatan asibiti suna wa'azin nono zalla, na san za ta gyara ɗaurin kallabi ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma in ta ga ana toshe bakin yaro da biskit da lemon kwalba, uwar za ta sha faɗa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Ta bar Usaina, wadda yanzu ta fi kowa tsawo a gidanmu, tana goyon nata ɗan. Ta kuma bar matan unguwa da ba su taɓa ganinta ba, waɗanda in ɗansu ya isa cin abinci sai ka ji sun ce, "A dama masa kunun Inna."

Allah Ya kai haske kabarinta.