Takardun da liman ya ajiye mini

Shekarun baya, ina sabon malami mai ji da kansa, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye bayan Yako. Ɗakina yana can ƙarshen makaranta, ba ni da maƙwabci sai awakin da ke fakewa a baranda. Da an tashi yara sai wurin ya yi tsit, ya rage daga ni sai risho da taliya. Wata rana har magariba ta yi ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba. Wallahi kaɗaici ya ci ni a garin nan, kuma na sa a raina cewa mutanen ne ba sa so na.

A lokacin ina ƙaro karatu a Kano duk hutu, sai na ɗora binciken kammalawata a kan abin da ke ƙona mini rai: me ya sa 'yan aji biyar ba sa yin aikin gida? Duk Juma'a nakan loda musu lissafi da Turanci, tunda ga Asabar ga Lahadi. Ranar Litinin littattafai su dawo fes yadda suka tafi. Na gwada bulala, na gwada alewa, duk a banza.

Sai na yi irin tamu ta 'yan boko. Na hau babur zuwa Ƙafin Maiyaki aka buga mini takardun tambayoyi, na raba wa yara su kai wa iyayensu. Ban taka ƙofar gidan kowa ba. A ganina ai takarda ta isa.

Har mako biyu, ko takarda ɗaya ba ta dawo ba. Da na matsa, yara suka ce takardun duk suna wurin liman, wanda shi ne kuma malaminsu na allo. Na ce shi ke nan, an kai ƙarata, zai ce ina hana yara karatun Alƙur'ani da aikina na boko. Sau uku yana aikowa yana son ganina. Ni kuwa gogan naku na koma sahun ƙarshe a masallaci, ana sallamewa in zari takalmi in yi gaba.

Na zauna na rubuta sakamakon bincikena ba tare da amsar mutum ɗaya ba. Na ce iyaye a wannan yanki ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Na miƙa, sannan na nemi canjin wurin aiki. Hedimasta ya yi ta ba ni baki, na ce ai inda ba a son ka ba ka zama.

Ranar tafiya, ina ɗaure katifa a bayan babur, sai ga liman yana tahowa a hankali da ƙunshi a leda.

"Malam, ashe tafiya za ka yi babu ko sallama?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta malam, abin ne ya zo da gaggawa."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce iyayen yara ba su saba da rubutun boko ba, shi ya sa suka kawo masa. Ya sa aka karanta musu bayan sallar Juma'a, kowa ya rubuta amsarsa da ajami a bayan takarda.

"Ba a ba yaro amsar malaminsa ya kai, ɗana. Cewa muka yi in ka zo mu ba ka hannu da hannu, ka sha fura."

Na karɓa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi ajamin ma na manta shi tun ina ƙarami. Sai da na isa gida Tudun Wada mahaifiyata ta sa tabarau ta riƙa karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Kusan bakinsu ɗaya: Asabar da Lahadi yara na allo safe da yamma, tsakani kuma gona. Ranar Alhamis ce ba a allo. In malam zai ba da aikinsa ranar Laraba, su da kansu za su tsare yara su yi.

Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ni da na yi allo shekara da shekaru, har na manta ranar hutuna? Na yi dariyar yaƙe.

Sai ta zo kan wata takarda, ta gyara tabarau ta karanta: "Malam, muna ganinka kana cin abinci kai kaɗai. Uwar yara ta ce in tambaye ka ko kana cin tuwon dawa, kada a aiko ka ƙi."

Ta ninke takardar ta tambaye ni wata nawa na yi a can. Na ce tara. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Binciken nan an ba ni maki mai kyau a kansa, kuma ƙaryar da na yi wa bayin Allah tana nan a ciki, an yi mata bango mai kauri. Yanzu duk inda aka tura ni sai na bi gidaje na gaisa kafin in taɓa alli, aikin gida kuma ranar Laraba nake bayarwa. Yara na yi, ba laifi.

Amma ban taɓa komawa ƙauyen ba, kunya ta hana ni. Takardar tana cikin akwatina, babu suna a jiki, ban san ko mahaifin wa ba ne. Har yau yana bina amsa, kuma amsar ba ta da wuya. Ina cin tuwon dawa, ina ma son sa ƙwarai.