Ranar da Rashin Sanina Ya Yi Mini Aure

Goggona ce ta so ta kashe mini aure, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta yi.

A shekarar ina karatun digiri na biyu, na zo hutun damina gida Gozaki da kwamfutata. Aikina lissafi ne. Akwai wani taron taurari can nesa, a cibiyarsa akwai baƙin rami mai haɗiye iskar gas, gas ɗin kuma kafin ya faɗa sai ya yi zafi ya haska fiye da taurarin duka. Ni kuma sai in ƙiyasta yawan hasken da yake fitarwa. Shi ke nan fa.

To, wata rana na leƙa waje na ga hadari, na ce Goggo ta kwashe shanyarta. Hadarin da ko akuya ta gani! Aka sheƙa ruwa. Goggo ta shiga baza labari, kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa ɗan wanta taurari yake dubawa. Wani ya zo in zaɓa masa ranar zuba taki, wata ta zo a kan tunkiyarta da ta ɓata. Na kora, na rantse, a banza.

Lokacin kuwa ina neman wata malamar makaranta a Malumfashi, ina son ta kamar raina, kuma gidansu ba sa wasa da maganar duba. Da aka zo binciken hali, baffanta da kansa ya hau babur ya zo da hantsi. Ya ƙi shan ruwanmu.

"Malam, an ce kana duba," in ji shi.

Na buɗe kwamfuta. Na ce ɗan hasken da ya iso na'urar hangen nesa muke aunawa, mu haɗa da nisan wurin, sannan mu ƙara abin da ƙura ta tare da wanda na'urar ba ta kamawa. Kamar ka ga kunya ɗaya ka faɗi buhun masarar da gona za ta ba da.

"Kuma yana fita daidai?"

"Baffa, yana iya ninka haka, yana iya zama rabi."

Ya gyara zama. "To gobe me abin zai yi?"

"Ai ko yau ban san me yake yi ba. Hasken nan ya baro can tun ba a yi ɗan Adam ba."

"Jibi za a yi ruwa?"

"Ban sani ba."

"Tunkiyar matar nan fa?"

"Wallahi ban sani ba!"

Sai ya jawo kwanon ruwan ya shanye tas, ya yi hamdala. Ni kuwa haushi ya cika ni: shekara biyu ina wannan aiki, kwana da yunwa, ga sakamakon.

Daga baya ita malamar ta ba ni labarin abin da baffan ya gaya wa mahaifinta a zaure, tana dariya har da hawaye. Cewa ya yi, "Alhaji, kwantar da hankalinka, a ba shi. Na tambaye shi ta ko'ina. Yaron nan bai san komai ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Na kare digirina a gaban farfesoshi, amma har yau ban taɓa cin jarrabawar da ta kai wannan daɗi ba.